Danne Cuta Da Danne Sakamakon Bincike: Kalma Ɗaya, Aiki Biyu

Akwai wata kalma da Bahaushe yake amfani da ita kullum ba tare da ya tsaya ya dube ta ba, wato kalmar "danne". Mukan ce wane ya danne zuciyarsa, idan an ɓata masa rai ya yi haƙuri, sai mu yaba masa. Mukan kuma ce wane ya danne haƙƙin marayu, sai mu yi Allah wadai da shi. Aikin dai ɗaya ne, a ɗora nauyi a kan abu don kada ya taso, amma abin da aka danne ɗin shi ne yake raba mai lada da mai alhaki. To, haka al'amarin yake a fagen kimiyya da binciken likitanci. Duk ɗalibin da ya buɗe littafin koyon aikin likita zai yi ta cin karo da wannan kalma a matsayin dabarar ceton rai. Wanda kuwa ya karanta tarihin binciken kansa, zai sake gamuwa da ita a wata kama dabam, wadda ta jawo asarar rayukan da Allah kaɗai Ya san adadinsu. Nufinmu a nan shi ne mu bi sawun kalmar ta waɗannan hanyoyi biyu, ko da yake za mu fi daɗewa a kan ta biyun, domin ita ce ta fi shafar ma'aikacin gwamnati da ke riƙe da fayil, da ɗalibin da ke shirin rubuta kundin bincikensa.

DANNIYAR DA LIKITA KE YI

Allah Ya halicci jikin ɗan Adam da wata runduna da ake kira garkuwar jiki, wadda aikinta shi ne ta far wa duk wani baƙon abu da ya shigo. Wannan runduna ba ta san aboki ba, ba ta san maƙiyi ba, abin da ta sani kawai shi ne na gida da baƙo. Saboda haka idan ƙodar mutum ta lalace aka dasa masa ta wani, sai garkuwar jikinsa ta afka wa sabuwar ƙodar ta kashe ta cikin 'yan makonni. Shi ya sa dashen ƙoda na farko da ya yi nasara, wanda Dakta Joseph Murray ya yi a birnin Boston na Amurka ran 23 ga Disamba, 1954, tsakanin tagwaye masu kama ɗaya aka yi shi, don jikin wanda aka dasa wa bai ɗauki ƙodar ɗan'uwansa baƙuwa ba. Mutumin ya ƙara shekara takwas a duniya. Amma ai ba kowa ne Hassan mai Husaini ba. Sai da aka sami magungunan danne garkuwar jiki sannan dashe ya zama aikin yau da kullum. Mafi shahara daga cikinsu, wato cyclosporin, daga wani naman gwari aka samo shi, wanda aka tarar a cikin 'yar ƙasar da wani ma'aikacin kamfanin Sandoz na Suwizalan ya ɗebo daga ƙasar Norway, kuma Amurka ta amince da amfani da shi a 1983. Farashin wannan danniya kuwa shi ne, wanda aka dasa wa ƙoda zai sha magani muddin ransa, kuma ƙananan cututtukan da ba sa damun sauran jama'a suna iya kayar da shi.

A sha'anin cutar ƙanjamau kuwa, ƙwayar cutar ake dannewa. Tun daga 1996, lokacin da aka tabbatar da amfanin haɗa magunguna uku wuri ɗaya, majiyyacin da ke shan maganinsa a kan ƙa'ida yakan kai matsayin da in an auna jininsa da ƙyar a ga ƙwayar, ko ma a kasa ganinta sam. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa an danne cutar idan ƙwayoyin ba su wuce 1,000 a cikin mililita ɗaya ta jini ba. Wani babban gwaji da aka yi a kan ma'aurata 1,763 a ƙasashe tara, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2011, ya nuna cewa fara shan magani da wuri ya rage haɗarin shafa wa abokin zama cutar da kashi 96 cikin ɗari. Wannan ba ƙaramin albishir ba ne ga ƙasa irin tamu, inda ƙidayar da aka yi a 2018 ta nuna akwai kimanin mutum miliyan 1.9 masu ɗauke da ƙwayar. Sai dai fa an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Ƙwayar takan laɓe a cikin wasu ƙwayoyin jiki inda magani ba ya iske ta, kuma da zarar mutum ya ga ya murmure ya ajiye magani, cikin 'yan makonni za ta sake cika jini. Mai karatu ya riƙe wannan batu, domin za mu komo kansa a gaba.

Shi kansa jiki yana da nasa masu danniya. Daga cikin ƙwayoyin gado da muke karɓa daga iyaye akwai waɗanda aikinsu shi ne hana ciwon daji tasowa, kuma shugabarsu ita ce wadda ake kira p53. Idan wata ƙwayar jiki ta sami lahani, p53 takan tsayar da ita har a gyara, in ta ƙi gyaruwa ta sa ta kashe kanta. An gano ta a 1979, amma masana suka shafe shekara goma suna zaton ita ce mai haddasa cutar, sai a 1989 aka gane cewa mai gadi ce aka ɗauka ɓarauniya. A kusan rabin dukkan ciwon dajin da ke kama mutane akan tarar wannan mai gadi ta lalace. Wani abin mamaki ma shi ne, mutum yana da ita guda biyu ne kacal, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, giwar Afirka kuwa tana da aƙalla 40, kuma masana suna ganin yana daga cikin dalilan da suka sa duk girman jikinta ciwon daji bai cika damunta ba.

IDAN HUKUMA CE TA DANNE

Yanzu sai mu juya ga ɗaya fuskar. Ilmin kimiyya ba ya ginuwa sai da sharaɗi ɗaya, wato kowane mai bincike ya fito da abin da ya gani, mai daɗi da marar daɗi, don 'yan'uwansa su auna. Hanya mafi muni ta karya wannan sharaɗi ita ce ta ƙarfin mulki, kuma babu misalin da ya kai na tsohuwar Tarayyar Sobiyet.

A can an yi wani shaihin malamin ilmin tsirrai mai suna Nikolai Vavilov, wanda ya zaga duniya yana tattara irin shuka, har ƙasar Habasha ya zo a 1927, ya kuma tara iri sama da 200,000 a wata cibiya da ke Leningrad, da nufin samar da amfanin gona mai jure fari da sanyi. Sai ga wani mai suna Trofim Lysenko ya taso yana cewa ilmin gado na ƙarya ne, kuma shi zai iya koya wa alkama sabon hali ta hanyar jiƙa ta da sanyaya ta, 'ya'yanta su gaji halin. Gwaje-gwajensa ba su da tushe, amma ya yi alkawarin yabanya mai yawa cikin ɗan lokaci, wanda shi ne abin da Stalin yake son ji. Aka kama Vavilov a 1940, ya mutu a kurkukun Saratov a watan Janairu na 1943. Yunwa ce ta kashe mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana neman maganin yunwa. A daidai wannan lokaci, sojojin Jamus sun yi wa Leningrad ƙawanya, kuma da dama daga cikin almajiransa sun mutu da yunwa a cikin cibiyar, ga shinkafa da gyaɗa a gabansu, suka ƙi taɓa irin da aka ba su amana. A watan Agusta na 1948 aka haramta koyar da ilmin gado a ƙasar baki ɗaya, aka kori dubban masana daga aiki. Sai a 1965 aka sauke Lysenko daga kujerarsa, bayan an yi asarar ɗalibai na zamani guda.

Irin wannan danniya tana da sauƙin ganewa, don tana zuwa ne da ɗan sanda da ankwa. Wadda ta fi wuyar kamawa ita ce mai zuwa da lauya da takardar kwangila.

KAMFANONIN TABA DA ƁERAYEN DENOBLE

A 1950 masana biyu na Ingila, Richard Doll da Austin Bradford Hill, suka buga binciken da ya nuna alaƙar shan taba sigari da ciwon dajin huhu. A 1953 kuma wani mai bincike a Amurka, Ernst Wynder, ya shafa wa ɓeraye kwaltar hayaƙin taba a gadon baya, ciwon ya fito musu. Hankalin masu kamfanonin taba ya tashi. A watan Disamba na wannan shekara shugabanninsu suka gana a wani otel a birnin New York tare da wani kamfanin gyara suna, kuma ran 4 ga Janairu, 1954 suka buga sanarwa a jaridu fiye da 400 suna cewa ba a tabbatar da komai ba tukuna, su ma za su sa a bincika. Binciken kuwa sun yi shi, kuma sun ga abin da kowa ya gani. Wata takardar cikin gida ta 1963, wadda babban lauyan kamfanin Brown & Williamson ya rubuta, ta faɗa ƙarara cewa sinadarin nikotin yana kama mutum ya kasa bari, kuma sayar da shi ne sana'arsu. Wata ta 1969 ta ce hajarsu ta gaskiya ita ce shakka, wato su dai a bar jama'a cikin kokwanto.

Labarin Victor DeNoble ya isa misali. Shi masani ne da ke aiki a ɗakin gwaje-gwajen kamfanin Philip Morris, inda ya tsara wata na'ura da ɓera zai taka ya sami ɗigon nikotin a jijiyarsa. Ɓerayen suka yi ta takawa ba ƙaƙƙautawa. Ya rubuta sakamakon, wata mujallar masana ta karɓa, sai kamfanin ya umarce shi ya janye. A watan Afrilu na 1984 aka rufe ɗakin gwajin, aka kashe ɓerayen, shi kuwa yarjejeniyar riƙe sirri da ya sa wa hannu ta ɗaure masa baki har shekara goma. Ran 14 ga Afrilu, 1994 shugabannin manyan kamfanonin taba su bakwai suka tsaya gaban wani kwamitin Majalisar Dokokin Amurka, suka ɗaga hannu suka rantse cewa a saninsu nikotin ba ya kama mutum. Bayan mako biyu DeNoble ya zauna gaban wannan kwamiti ya ba da labarin ɓerayensa, kuma a cikin wannan shekara dubban shafukan takardun sirrin suka fita hannun kamfanonin. Ramin ƙarya ƙurarre ne, in ji Hausawa, amma wannan ramin sai da aka yi shekara arba'in ana tafiya a cikinsa. A 1998 kamfanonin suka amince su biya jihohi 46 na Amurka kuɗin da ya kai dala miliyan dubu 206. Har yanzu taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara a duniya.

ABIN DA KE KWANCE A CIKIN DUROWA

Ba kullum ne ake samun mugu a cikin labarin ba, kuma a ganinmu wannan shi ne sashen da ya fi ban tsoro. A 1980 wasu likitocin zuciya a birnin Nottingham na Ingila suka gwada wani sabon magani mai suna lorcainide a kan majiyyata 95 da suka sami bugun zuciya. Aka raba su kashi biyu kusan daidai, kashi ɗaya aka ba su maganin, ɗaya kuma aka ba su ƙwayar da babu magani a cikinta, don a sami abin kwatantawa. Maganin ya yi aikin da aka sa shi, ya danne tsallen da zuciya ke yi ba bisa ƙa'ida ba. Amma mutum tara suka mutu a cikin waɗanda suka sha shi, ɗaya tak a cikin waɗanda ba su sha ba. Likitocin suka ɗauka tsautsayi ne kawai, tunda mutanen ba su da yawa. Sun aika wa mujallu uku ko huɗu, duka suka ƙi bugawa, kamfanin kuma ya watsar da maganin saboda dalilan ciniki. Takardun suka shiga durowa.

A cikin shekarun da suka biyo baya, likitoci suka yi ta ba masu ciwon zuciya wasu magunguna 'yan gida ɗaya da lorcainide, bisa tunanin cewa tunda suna daidaita bugawar zuciya lalle suna ceton rai. Sai a 1989 wani babban gwaji a Amurka ya nuna cewa biyu daga cikinsu, encainide da flecainide, ƙara yawan mace-mace suke yi, har aka dakatar da wannan sashe na gwajin tun kafin wa'adinsa. An ƙiyasta cewa dubun-dubatar mutane sun rasu ta wannan hanya. A 1993 likitocin Nottingham suka zaro tsofaffin takardunsu suka buga, suka kuma faɗa da bakinsu cewa da an buga tun farko, da wataƙila ya zama gargaɗi. Sun cancanci yabo a kan wannan, don ba kowa ne zai tona kansa ba alhali ba wanda ya tambaye shi. Mai karatu zai lura cewa a wannan labari fuskokin kalmar tamu biyu sun haɗu: an danne alamar cuta aka zaci an yi magani, an kuma bar shaidar da za ta tona kuskuren a kwance.

Wannan ciwo yana da suna a wurin masana, tun da Robert Rosenthal ya kira shi matsalar durowa a 1979. Mai bincike yakan yi ɗokin buga gwajin da ya ce magani ya yi aiki, editan mujalla ma shi yake so, wanda ya ce bai yi ba kuwa sai a ga kamar ba labari ba ne. Misalinsa kamar ɗan kasuwa ne da ke rubuta ranakun riba kawai a littafinsa, wanda duk ya duba littafin zai rantse ba a taɓa faɗuwa a shagon ba. A 2008 Dakta Erick Turner da abokan aikinsa suka auna girman ɓarnar. Suka nemo dukkan gwaje-gwaje 74 da aka yi wa rajista a hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka a kan magungunan ciwon damuwa guda 12. A hukuncin hukumar, 38 sun nuna amfani, kuma an buga 37 daga cikinsu. Sauran 36 ba su nuna amfani a fili ba: 22 ba a buga su ba ko kusa, 11 an buga su amma an juya bayanin ya zama kamar an yi nasara, uku ne kaɗai aka buga yadda suke. Ke nan likitan da ya dogara da mujallu zai ga kashi 94 cikin ɗari na gwaje-gwajen sun yaba maganin, alhali ainihin lissafin kashi 51 ne. Wannan likita bai yi ha'inci ba, bai yi lalaci ba, karatu ya yi. Kuma irin waɗannan mujallu ne likitocinmu na Zariya da Kano da Maiduguri suke karantawa.

Wani lokaci kuma mai binciken yana so ya yi magana, a rufe masa baki. Dakta Nancy Olivieri ta asibitin yara na Toronto a Kanada tana gwada wani magani mai suna deferiprone, mai rage ƙarfen da ke taruwa a jikin waɗanda ake yawan ƙara wa jini. A 1996 ta ga alamun cewa ƙarfinsa yana raguwa a jikin wasu majiyyata, ta ce sai ta sanar da su. Kamfanin Apotex mai ɗaukar nauyin aikin ya dakatar da gwajin, ya kuma tuna mata da sharaɗin riƙe sirri da ke cikin kwangilarta, tare da gargaɗin zuwa kotu. Ta sanar da majiyyatan, ta kuma buga abin da ta gani a 1998, ta sha wuya ƙwarai a wurin aikinta, har wani kwamitin ƙungiyar malaman jami'o'in Kanada ya wanke ta a 2001. Adalci ne a faɗa cewa wasu masana sun saɓa mata a kan haɗarin maganin, kuma a yau ana amfani da shi, har ga masu amosanin jini da ƙarfe ya taru musu. Amma ko da ita ce ta yi kuskure, wurin warware saɓani tsakanin masana shi ne shafin mujalla. Majiyyacin da ya ba da jikinsa don a yi gwaji shi ya fi kowa haƙƙin jin abin da likitarsa ta gani.

RAHOTON DA YA YI SHEKARA BIYAR A ƁOYE

Kada a ɗauka wannan labarin ƙasashen Turawa ne kurum. A 1996 annobar sanƙarau ta afka wa arewacin Nijeriya, ta kama mutum fiye da 100,000, ta kashe fiye da 11,000. A tsakiyar annobar ne ma'aikatan kamfanin Pfizer na Amurka suka sauka a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, suka gwada wani sabon magani mai suna Trovan a kan yara kimanin 200. Wajen rabinsu aka ba su Trovan, saura aka ba su wani sanannen magani mai suna ceftriaxone. Yara 11 suka rasu, biyar a kashin farko, shida a na biyu, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi wannan ɓarna, cewa an nemi yardar iyaye da baki, kuma maganinsa ceton rai ya yi. Iyaye da yawa kuwa sun ce ba a taɓa gaya musu cewa gwaji ake yi ba.

Abin da ya shafi batunmu shi ne abin da ya faru daga baya. Bayan jaridar Washington Post ta tono maganar a watan Disamba na 2000, Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamitin ƙwararru a ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi, ya kammala aikinsa a 2001, ya yanke cewa gwajin ya saɓa wa doka. Sai rahoton ya yi ɓatan dabo. Shekara biyar ba wanda ya gan shi a fili, har sai da wani ya miƙa wa wannan jarida ta Amurka kwafi, ta buga labarinsa a watan Mayu na 2006. Wato iyayen yaran Kano daga Washington suka ji abin da gwamnatinsu ta gano a kan 'ya'yansu. A 2007 Gwamnatin Jihar Kano da ta Tarayya suka shigar da ƙara, a 2009 aka yi sulhu da Jihar Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, kuma sai a watan Agusta na 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi diyyar dala 175,000 kowannensu, shekara 15 bayan annobar.

A cikin shekarun da rahoton yake kulle ne, wato a 2003, aka dakatar da allurar rigakafin shan inna a Kano bisa jita-jitar cewa tana hana haihuwa. Gwaje-gwaje sun nuna jita-jitar ba ta da tushe, amma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma masu nazari da dama sun sa labarin Trovan cikin dalilan wannan tsoro. Kafin a komo ga rigakafin a watan Yuli na 2004, cutar ta riga ta fara tsallakawa, ta kai ga ƙasashe wajen ashirin da a da suka rabu da ita. Sai ran 25 ga Agusta, 2020 aka ba nahiyar Afirka shaidar rabuwa da ainihin ƙwayar shan inna. Inda hukuma ta yi shiru, jita-jita ce ta yi magana a madadinta, kuma yara ne suka biya da ƙafafunsu.

MASU FAKEWA DA GUZUMA

A nan ya wajaba mu yi hattara, domin kowane mai tallar maganin ƙarya a tasha ya iya cewa Turawa ne suka danne maganinsa. A watan Janairu na 2007 shugaban Gambiya na lokacin, Yahya Jammeh, ya ce ya gano maganin ƙanjamau, ya sa majiyyata suka ajiye magungunan da ke danne musu ƙwayar suka koma shan haɗinsa. Mai karatu ya riga ya san abin da ke biyo bayan ajiye magani, kuma hukumar bin ba'asi da aka kafa bayan saukarsa ta ji shaidar mutuwar da dama daga cikinsu. Yadda za a bambance abu ne mai sauƙi. Olivieri da DeNoble da likitocin Nottingham suna da alƙaluma a hannu, roƙonsu shi ne a zo a duba. Mai da'awar ƙarya kuwa gudun dubawar yake yi.

Maganin gargajiya da ya yarda a gwada shi ba a danne shi ba. Sinadarin artemisinin, ƙashin bayan maganin zazzaɓin cizon sauro a yau, daga wani tsiro ɗan gidan tazargade wata masaniya 'yar ƙasar Sin mai suna Tu Youyou ta fitar da shi a 1972, ta kuma sami lambar Nobel a 2015. A nan gida ma, cibiyar binciken harhaɗa magunguna ta ƙasa da ke Abuja ta ɗauki wani haɗin gargajiya na amosanin jini, mai ɗauke da masoro da kanumfari da ganyen dawa, ta sa masa suna Niprisan, ta gwada shi bisa ƙa'ida, ta buga sakamakon a 2001.

RAJISTA KAFIN A FARA

Dabarar da duniya ta ɓullo da ita don toshe durowa ita ce a tilasta wa mai bincike ya yi rajistar gwajinsa a bainar jama'a tun kafin ya fara, ya faɗi abin da zai auna da yawan mutanen da zai ɗauka. In ya yi shiru daga baya, kowa zai san akwai gwajin da ya ɓace, in kuma ya sauya ma'auni a tsakiyar aiki, za a gani. Amurka ta buɗe irin wannan rajista a intanet a shekarar 2000, editocin manyan mujallun likitanci suka yi shela a 2004 cewa ba za su ƙara buga gwajin da ba shi da rajista ba, wata dokar Amurka ta 2007 kuma ta wajabta bayyana sakamako cikin wata goma sha biyu da kammalawa. Afirka tana da tata rajistar, wadda ke da mazauni a Afirka ta Kudu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita tun 2009. Nijeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin binciken lafiya a 2007, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta ba kwamitin da ke kula da shi ƙarfin doka.

Wani nazari da aka buga a 2015 ya nuna tasirin wannan ƴar dabara. An duba manyan gwaje-gwaje 55 na cututtukan zuciya da wata cibiyar gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyinsu. Kafin shekarar 2000, gwaji 17 cikin 30 sun ce maganin ya yi amfani. Bayan an soma rajista, biyu ne kacal cikin 25. Ba magungunan ne suka lalace dare ɗaya ba, ƙofar zaɓen abin da za a faɗa ce aka rufe.

Mu a nan, durowarmu ba ta kamfani ba ce kawai. Akwai ɗalibin da ya yi wata shida yana gwajin takin zamani ko maganin ƙwari, ya ga babu bambanci tsakanin gonakinsa biyu, ya ji tsoron malaminsa zai ce bai yi aiki ba, sai ya ɗan taɓa alƙaluma. Ya kamata malamai su gaya masa tun ranar farko cewa "babu bambanci" ma amsa ce, tana iya hana manomi zubar da kuɗinsa. Akwai kuma babban jami'in da aka kawo wa rahoton gwajin ruwan wata rijiyar burtsatse ko na ɓarkewar wata cuta, ya ga zai ɓata wa na sama rai, ya rubuta a jikin fayil cewa a jingine tukuna, ya tura shi ɗakin ajiya. Ba lalle ne ya zama mugu ba, mai yiwuwa ƙarin girma kawai yake jira.

Ko a ƙasashen da suka kafa dokar ma tsugune ba ta ƙare ba. Wasu masana na Jami'ar Oxford sun bi diddigin gwaje-gwaje fiye da 4,000 da dokar Amurka ta wajabta a bayyana sakamakonsu, suka buga abin da suka gano a 2020: kashi 41 cikin ɗari ne kawai suka cika wa'adi. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne, manyan kamfanonin magunguna sun fi jami'o'i da hukumomin gwamnati bin dokar.